Koyar da Faransanci ta Hanyar Girke-girke a Ƙananan Makarantun Sakandare

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Nijeriya, ake ta kai-kawo a kan matsayin wannan harshe a makarantunmu. Kundin Manufofin Ilimi na Ƙasa, bugun 1998 da na 2004, ya tabbatar da wannan matsayi, har bugun 2004 ya wajabta koyar da harshen a firamare da ƙaramar sakandare. A sabon jerin darussan da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar a 2025 kuwa, Faransanci ya koma cikin darussan zaɓi. Ma'anar wannan ga malami ita ce, ɗalibin da a da ake tilasta masa zama a aji, yanzu sai ya ga amfanin darasin kafin ya zauna.

Buƙatar harshen dai ba ta gushe ba. Ƙasashe huɗun da muke iyaka da su ta tudu, wato Binin da Nijar da Chadi da Kamaru, duk ana aiki da Faransanci a cikinsu. Ko a Nijar, inda aka ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a 2025, Faransanci yana nan cikin harsunan aiki. Sai dai abin da muka saba gani shi ne ɗalibi ya shekara uku yana darasin, ya haddace sarrafa aikatan être da avoir tsaf, amma ba zai iya tayin albasa a kasuwar Kwatano ba. Dalili kuwa bai wuce cewa ba a taɓa sa shi a halin da zai buƙaci harshen ba. Domin magance irin wannan matsala ce aka kafa Ƙauyen Faransanci na Badagry a 1991, inda ɗaliban jami'a kan je su zauna cikin harshen dare da rana. Ɗan ƙaramar sakandare ba shi da Badagry. Malaminsa ne zai ƙirƙiro masa ɗan wurin da Faransanci zai zama dole, ko da na minti ashirin ne.

Wannan maƙala za ta duba girki a matsayin irin wannan wuri. Ra'ayinmu shi ne, girki yana koyar da harshe ne kawai idan an tsara shi ta yadda abincin ba zai kammalu ba sai an ji Faransanci an kuma furta shi. Mun taɓa halartar bikin ranar Faransanci a wata makaranta inda aka soya wainar fulawa ta Faransawa, aka yi ado da tuta, aka ɗauki hotuna. Malamar tana suya tana bayani, ɗalibai suna kallo suna hira da Ingilishi da harsunan gida. An ci an sha, kowa ya ji daɗi, amma kalma ɗaya tak ɗaliban suka tafi da ita gida, wato sunan wainar. Wannan walima ce, ba darasi ba.

2.0 Tushen Dabarar

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarun 1960 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, James Asher, ya fito da hanyar koyarwa wadda malami ke ba da umarni da baƙon harshe, ɗalibi kuma ya amsa da jikinsa: tashi, zauna, ɗauko, ajiye. Hujjarsa ita ce yaro yakan daɗe yana jin harshen uwa yana aikata abin da aka ce kafin ya fara magana. Daga 1979 zuwa 1984 kuma, N. S. Prabhu ya jagoranci wani gwaji a Bangalor da ke kudancin Indiya, inda aka koyar da Ingilishi ta hanyar ba ɗalibai ayyukan da sai sun yi tunani, kamar karanta taswira ko jadawalin jirgin ƙasa, maimakon bin babukan nahawu ɗaya bayan ɗaya. Tsarin bai-ɗaya na Turai kan koyon harsuna, wanda aka wallafa a 2001 kuma malaman Faransanci suka fi sani da CECR, ya ɗora a kan wannan tunani, domin ya ɗauki mai koyo a matsayin mutum mai wani aiki da yake son cimmawa a cikin jama'a, harshe kuma kayan aikinsa ne.

Misali mafi shahara da ya shafi girki kai tsaye shi ne ɗakin girkin da Jami'ar Newcastle ta Ingila ta nuna wa duniya a 2011, ƙarƙashin jagorancin Paul Seedhouse da Patrick Olivier. An saka ƙananan na'urori masu gane motsi a jikin wuƙaƙe da cokula da mazubai. Kwamfuta ce ke ba da umarni da Faransanci, ta jira har na'urar ta nuna an aikata, sannan ta wuce zuwa mataki na gaba. Idan mai koyo bai gane ba, yana iya neman a maimaita ko a fassara. Ba muna kawo wannan misali ba ne don a yi sha'awar na'urorin, domin ba abin da makarantunmu za su iya saye ba ne. Abin lura shi ne ƙa'idar da ke ƙarƙashinsu: umarni ya zo, aiki ya biyo, ba a ci gaba sai an fahimta. Ɗalibi riƙe da takarda yana iya yin aikin wannan kwamfuta.

3.0 Abin da Girki ke Koyarwa

Takardar girki ƙaramin rubutu ce, amma ta tattara sassan nahawun da suka fi ba masu koyo wahala a matakin farko. Za mu duba su ta fuskar ɗalibi mai jin Hausa, domin a wurare da dama Hausa ta fi Ingilishi kusa da Faransanci, kuma littattafan da ake amfani da su ba sa cin gajiyar wannan kusanci.

Na farko shi ne umarni. Bafaranshe yakan ce coupe ga mutum ɗaya da ya saba da shi, ya ce coupez ga jama'a ko ga wanda yake girmamawa. Ingilishi ba shi da wannan bambanci, amma Bahaushe yana da shi: yanka, ku yanka, kuma yaro mai tarbiyya da "ku" yake yi wa babba magana. Minti biyu sun isa a fahimtar da mai jin Hausa bambancin tu da vous idan aka biyo ta nan. Haka kuma yawancin aikatan girki suna cikin rukuni mafi sauƙi, masu ƙarewa da -er: laver, couper, verser, ajouter, mélanger, piler, goûter. Wani abin da ya kamata malami ya sani shi ne, couper da coupez da coupé furucinsu ɗaya ne. Wannan rahama ce ga kunne, amma tarko ne ga alƙalami. Littattafan girki na Faransa sukan yi amfani da sigar farko ko ta biyu, saboda haka ɗalibi zai haɗu da duka biyun, sannan ya buƙaci ta uku idan ya zo ba da labarin abin da ya yi.

Na biyu shi ne jinsi. Malamin da ke bayani da Ingilishi yakan sha fama kafin ɗalibai su yarda cewa cokali yana da jinsi. Mai jin Hausa ya riga ya san shinkafa "ta" dahu, gishiri "ya" yi yawa. Matsalarsa ta daban ce: yakan ɗauki jinsin Hausa ya ɗora wa kalmar Faransanci. A wasu kalmomi dabarar takan ci, kamar gishiri da le sel, gero da le mil, tukunya da la marmite. A wasu da yawa kuwa takan faɗi. Shinkafa mace ce amma le riz namiji ne. Haka madara da le lait, wuƙa da le couteau, kuɓewa da le gombo, masara da le maïs. Ta ɗaya ɓangaren kuma, nama namiji ne amma la viande mace ce; haka gari da la farine, cokali da la cuillère, tumatir da la tomate. Muna ba da shawarar a ware waɗannan kalmomi masu saɓani a rubuta su a kati mai launi daban, a manna a jikin kayan. Kalmomin da ke farawa da wasali a furuci, irin su l'eau da l'huile da l'oignon, suna ɓoye jinsinsu, don haka gara a koyar da su cikin yanki kamar de l'eau chaude ko un oignon. Akwai ma wata kamanceceniya mai ban sha'awa: kamar yadda yawancin sunayen Hausa masu ƙarewa da "a" mata ne amma ruwa da nama suka fita daga ƙa'idar, haka ɗalibi zai ga kalmomi masu ƙarewa da "e" da yawa mata ne a Faransanci, sai le sucre da le beurre da le poivre su ƙaryata shi.

Na uku, wanda a ganinmu shi ne babbar ribar darasin, shi ne ƙananan kalmomin nan du da de la da des. Hausa takan ce "zuba gishiri" kawai, Ingilishi ma yana iya yin haka, amma Faransanci dole ya ce ajoutez du sel, versez de l'huile, mettez de la farine. Da zarar an ambaci adadi ko an kore magana, sai duk su koma de: un kilo de riz, un peu de sel, pas de piment. A kan allo wannan ƙa'ida ce busasshiya wadda ake haddacewa a manta. A gaban teburin kayan miya kuwa, ɗalibi zai furta ta sau goma cikin kwata ɗaya, domin kowane abu da zai karɓa sai ya bi ta kanta. A nan ma Hausa tana da tsani: harafin mallaka na "kwalbar mai" da "mudun gero" shi ne aikin da de ke yi a une bouteille d'huile.

Akwai kuma batun aikatau so-karɓau da ƙi-karɓau. Bahaushe yakan ce "ruwa ya tafasa", ya kuma ce "ta tafasa ruwa", karin sauti ne ya raba su. Faransanci yakan raba su da ƙarin aikatau: l'eau bout, amma elle fait bouillir l'eau. Daga nan faites cuire da faites frire suka fito. Ta fuskar ma'ana kuma, kalmomin ba sa faɗawa daidai kan juna. Éplucher ita kaɗai ta ɗauke fere doya da ɓare ayaba, remuer kuma ba ta bambanta tuƙa tuwo da juya miya ba. Yana da kyau ɗalibi ya ga cewa a wannan fage harshensa ya fi yalwa.

Game da furuci ba za mu tsawaita ba. Sanannen abu ne mai jin Hausa yakan gauraya "p" da "f", ya kuma mayar da "v" zuwa "b". Ɗakin girki cike yake da tagwayen kalmomin gwaji: pain da faim, pour da four, poisson da boisson, bol da vol. Wanda ya nemi kifi aka miƙo masa abin sha ba zai sake mantawa ba. Sai a ƙara da kalmar œuf, wadda ake furta "f" ɗinta a tilo, a yar da shi a jam'i.

4.0 Wane Abinci?

Malamai da dama suna ɗauka cewa darasin Faransanci sai da abincin Faransa. Babu laifi a yi crêpes sau ɗaya, musamman kusa da 2 ga Fabrairu, ranar da Faransawa suka saba soya ta. Kayan haɗinta kaɗan ne: fulawa giram 250, madara rabin lita, ƙwai uku ko huɗu, da ɗan gishiri. Haka kuma yana da kyau ɗalibi ya san cewa a 2010 hukumar UNESCO ta sanya tsarin liyafar cin abinci ta Faransawa cikin al'adun duniya da ake taskacewa. Amma hukumar ta yi wa dafa-dukar shinkafa da kifi ta Sanagal irin wannan karramawa a 2021, ta kuma yi wa attiéké na Kwaddibuwa a 2024, kuma da Faransanci ake rubuta yadda ake girka su. Faransancin da ɗalibinmu zai fara cin karo da shi na Maraɗi ne da Marwa da Kwatano, ba na Faris ba.

A waɗannan garuruwa abincin da ya sani yana da suna na Faransanci. Ƙosai beignets de haricot ne, wake kuma niébé. Zoɓo bissap ne. Daddawa soumbala ce. Kilishi ana rubuta shi kilichi. Tuwo kuma la pâte a Binin. Akwai wuraren da ya kamata a yi hattara: la boule fura ce a Nijar, amma a Chadi tuwo ake nufi, kamar yadda a Kamaru couscous de maïs tuwon masara ne. Fa'idar girka abin da ɗalibi ya sani ita ce hankalinsa ba zai rabu biyu ba. Ya riga ya san matakan, sabon abu ɗaya ne a gabansa, shi ne harshen. Sai dai wannan fa'ida tana ɗauke da haɗarinta, domin wanda ya iya dama kunu ba ya buƙatar ya saurari kowa kafin ya dama. Za mu ga maganin wannan a sashe na gaba.

Awo ma darasi ne. A gida da mudu da gwangwani da kimantawar ido ake girki, takardar Faransanci kuwa da giram da lita take magana, da cuillère à soupe mai cin mililita 15, da cuillère à café mai cin 5. A nan ne lambobin da ke firgita ɗalibai, wato 70 da 80 da 90, za su samu wurin zama. Idan aka haɗa da wasan kwaikwayon cefane da kuɗin sefa, ɗaliban kan iyaka za su kawo nasu ilimin: a Hausar Nijar dala ɗaya faran biyar ce, saboda haka cent francs dala ashirin ke nan.

5.0 Tsara Darasin

Muna ganin aikin girki ɗaya yana buƙatar darasi uku. A na farko ba a taɓa abinci. Ana kawo kayan ne ko hotunansu, a koyi sunayensu da aikatan da za a buƙata, malami yana ba da umarni ɗalibai suna kwatantawa da hannu. A nan ne ya dace a yi kwatancen Hausa da Faransanci da muka ambata. A nan ne kuma za a koyar da maganganun neman agaji, irin su répétez, s'il vous plaît da combien da je ne comprends pas, domin ɗalibin da ba shi da su zai koma harshen gida da zarar ya cije.

Darasi na biyu shi ne na aiki. A ɗauki haɗin 'ya'yan itace a matsayin misali, tunda ba ya buƙatar wuta: mangwaro, ayaba, gwanda, kankana, lemo. A kasa aji rukuni-rukuni na mutum biyar ko shida. A kowane rukuni mutum ɗaya ne ke riƙe da takardar girki, shi kuma ba ya taɓa komai. Masu aiki ba sa ganin takardar. Kayan haɗi duka suna kan tebur guda a hannun mai ajiya, wanda ba ya ba da komai sai an roƙa da Faransanci an faɗi adadi: je voudrais deux bananes, donnez-moi une cuillère de sucre. Mutum na ƙarshe yana rubuta abin da aka karɓo da abin da aka yi. Muhimmin abu shi ne takardun rukunonin su saɓa wa juna. Wannan an ce ya yanka gwanda ƙanana, wancan manya. Wannan ya sa sukari, wancan an ce ne mettez pas de sucre. Wannan ya fara da lemo, wancan ya ƙare da shi. Ta haka leƙen maƙwabci ba zai yi amfani ba, sanin girki daga gida ma ba zai wadatar ba. A ƙarshe kwanon kowane rukuni shi ne shaidar abin da suka fahimta, malami yana iya dubawa da ido.

A darasi na uku ake girbe abin da aka shuka. Kowane rukuni ya ba da labarin aikinsa da shuɗaɗɗen lokaci, nous avons lavé, nous avons coupé, sannan a juya umarnin zuwa rubutu, a gyara kurakuran -er da -ez da -é. Aikin gida shi ne kowa ya tambayi mahaifiyarsa ko kakarsa yadda ake wani abinci, ya rubuto shi da Faransanci cikin jumla shida zuwa takwas. Wannan darasi na uku shi ne aka fi yawan tsallakewa, kuma idan aka tsallake shi an koma walimar da muka ambata a farko.

6.0 Matsalolin da Za a Fuskanta

Kuɗi ne matsala ta farko. Ilimin bai-ɗaya kyauta ne bisa dokar 2004, don haka bai dace a ɗora wa ɗalibai haraji da sunan darasi ba. Sau ɗaya a zango ya isa, da abin da ke araha a lokacinsa: mangwaro da bazara, kwaɗon zogale da damina, lemo da hunturu. Inda makaranta ke da ɗakin tattalin gida, haɗa kai da malamarsa zai sauƙaƙa samun kwanuka da wurin wanke hannu. A aji mai cunkoso gara a guji wuta baki ɗaya, a kuma taƙaita wuƙa ga mutum ɗaya a rukuni. Lallai ne a tambayi ko akwai wanda gyaɗa ko ƙwai ko madara ke yi wa illa, a kuma kauce wa watan azumi.

Wasu iyaye za su yi ɗari-ɗari da abincin Turawa saboda naman alade da giya. Ba za a kawo su aji ba, amma kuskure ne a ɓoye sunayensu. Musulmin da zai yi tafiya yana buƙatar ya gane porc da jambon da lardons da vin a jikin gwangwani ko takardar gidan abinci, ya kuma iya cewa sans porc, sans alcool, fiye da yadda yake buƙatar sunayen furanni. Samari kuma za su ce girki aikin mata ne. Amsar tana bakin titi: mai shayi da mai tsire da mai gidan burodi duk maza ne, kuma rukuni yana iya ɗaukar haɗa shayi da wainar ƙwai a matsayin aikinsa.

Saura batun auna fahimta, wanda ya rataya a wuyan masu tsara manhaja. Muddin jarrabawar ƙarshen zango cike gurbi ce kawai, malami zai ɗauki darasi uku na girki a matsayin ɓata lokaci, kuma ba za mu ga laifinsa ba. Abin da muke nema shi ne a ware wani kaso na makin gwajin yau da kullum ga aikin baka irin wannan, a auna abu uku: bin umarni biyar ba tare da fassara ba, roƙon kaya uku da jinsi da adadi daidai, da rubuta gajeriyar takardar girki. Ba a ba da maki don daɗin abincin. Haka kuma ya kamata kwalejojin ilimi su sa ɗaliban Faransanci su gudanar da irin wannan darasi aƙalla sau ɗaya kafin su fita koyarwar gwaji, domin riƙe rukuni goma masu wuƙa da kwano a cikin minti arba'in abu ne da sai an taɓa yi ake iyawa.